Yadda ƙugiyar ɗan kunne ta kusa kashe sana'ar ƙanwata

Ƙanwata ta fara haɗa 'yan kunne ne bayan ta gama NCE tana zaman jiran aiki. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. A waya ta ga ana yi, ta roƙe ni jari, ta je kasuwa ta sayo filaya guda, ƙullin duwatsun ado kala-kala, naɗin siririyar waya da fakitin ƙugiyoyin kunne. Daga nan kullum bayan la'asar za ka same ta a tsakar gida, faranti a cinya, tana tsintar duwatsu kamar mai tsince shinkafa. Tunda ni na zuba kuɗin, littafin lissafi a hannuna yake, shi ya sa abin da zan faɗa na san shi ciki da bai.

Aikin nata a lokacin ba shi da wani sirri. Za ta ɗauki fil mai kai, ta zura duwatsu uku ko huɗu, ta yanke ragowar, ta lanƙwasa bakin ya zama ɗan zobe, ta maƙala shi a ƙugiyar da ta sayo haɗaɗɗiya. Minti goma ta gama na mutum ɗaya. Abin da Allah Ya ba ta shi ne ido. Mace za ta kawo mata ƙyallen atamfa, ta juya shi sau biyu, ta zaɓo launin da ya ɓuya a cikin zanen, wanda ita mai atamfar ma ba ta lura da shi ba, ta fito da shi a kunne. Maƙwabta suka fara saya, sai 'yan uwa, sai 'yan ajinsu na Islamiyya. Wata shida ana haka ba wanda ya kawo ƙara, ko da yake daga baya mun gane ba don babu matsala ba ne. Mai sayen ɗan kunne ɗaya ta sa shi awa biyu ta je unguwa ta dawo ta cire, in ya ɗan yi mata ƙaiƙayi sai ta ce kunnenta ne ba ya so, ta jefa shi a durowa.

Odar da ta tona asiri

Wata ƙawarta za ta yi aure a cikin watan Afrilu, ta ce ita za ta yi wa ƙawaye 'yan kunnen anko, na mutum 14. Atamfar ruwan ganye ce da ratsin ruwan goro. Wannan ce oda mafi girma da ta taɓa samu, sai ta dage. Ta ƙi duwatsun roba, ta nemo na gilashi 'yan ƙasar Cek, masu kai ɗaya, waɗanda in ka ƙwanƙwasa su a haƙori za ka ji ƙarar gilashi, in ka ɗora a kumatu ka ji sanyi. Kusan duk kuɗin kayan aiki a kansu ya tafi. Da ta zo kan ƙugiya, abin da ya rage ta ba wani mai shago, ya miƙo mata fakiti mai ruwan gwal, babu rubutun komai a jikinsa, ya ce mata ba ya koɗewa. Na duba littafin daga baya: ƙugiyoyin mutum 14 gaba ɗaya ba su kai kuɗin duwatsun mutum ɗaya ba.

Sun yi kyau, wannan ba a musu. Ranar kamu har mutane na tambayar daga ina aka kawo su. Amma bikin kwana uku ne, kuma duk wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san zafin da ake yi, ma'auni yakan haye 40. 'Yan mata sun sha rawa, sun sha gumi, an fesa turare a wuya da bayan kunne, wasu da abinsu suka kwana. A daren kai amarya aka fara turo hotuna a zauren WhatsApp na ƙawaye. Mutum biyar kunnuwansu na ƙaiƙayi sun yi ja, biyu daga cikinsu har sun kumbura suna fitar da ruwa. Wasu uku duwatsunsu sun zube, ƙugiya kaɗai ta rage a kunne. Ɗaya ta turo hoton sabon mayafinta, zare ya ja tun daga kafaɗa har ƙirji. Wata kuma ta ce fatar kunnenta ta yi kore-kore, tana tambaya ko guba ce.

Washegari gwaggon amarya ta kira. Ina zaune a gefe ina jin muryarta ta cikin wayar: “Haba 'yar nan, abin arziki za ki mayar mana da shi abin magana? Yarinyar mutane ga ta can kunne kamar an yi mata harbin rina.” Ƙanwata ba ta iya cewa komai ba sai “Ki yi haƙuri Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri.” Ta ajiye wayar ta tattara farantin ta cusa ƙarƙashin gado, ta ce ita da wannan sana'a har abada.

Kwana biyu na ƙyale ta. A na uku na ce ta sa a karɓo mana duk abin da za a iya karɓowa. Muka baje su a kan farin ƙyalle. A bakin mutane magana ɗaya ce, kayanta ba su da kyau. A kan ƙyallen kuwa sai muka ga laifi uku ne daban-daban, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya shafi duwatsun da ta kashe wa kuɗi.

Ƙaiƙayin

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta fara ambata mana sunan nikel. Farin ƙarfe ne mai araha, ana gauraya shi a cikin kayan ado, ana kuma shimfiɗa shi a ƙarƙashin ruwan gwal don ya yi santsi da sheƙi. A cikin ƙarafan da fata ke yi wa alaji, wato ta ƙi su ta yi ja da ƙaiƙayi, shi ne kan gaba a duniya, kuma ya fi kama mata saboda hudar kunne. Abin da matanmu ke cewa “ni kunnena sai gwal” galibi shi ne, ba yanga ba ce. Gumi ne ke narkar da ɗan abin da ke fita daga ƙarfen ya shiga fata, kuma alamun ba nan take suke bayyana ba, sai bayan yini ko kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa masu sa ɗan kunne na awa biyu ba su taɓa damunmu ba, bikin kwana uku ya kama mu. In jiki ya riga ya koyi ƙin nikel, ba ya mantawa. Muka tambayi mutum biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, huɗu suka ce dama can ba sa jure 'yan kunnen kasuwa, sun sa ne don anko ne, ba yadda za su yi.

A Turai tun 1994 aka yi doka a kan wannan. Abin da ake zurawa a huda ba a yarda ya fitar da nikel da ya kai maikurogiram 0.2 (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowane murabba'in santimita a mako ba, abin da ke daɗewa a jikin fata kuma kamar sarƙa ko agogo kada ya wuce 0.5. Fakitin da ke zuwa mana babu suna babu rubutu, ba wanda ya auna shi da wannan ma'auni. Ga shi kuma yanayinmu ya fi nasu cin ƙarfe. Kunne na ƙarƙashin hijabi ko ɗaurin ɗankwali yini guda yana gumi. Ana shafa shi da ruwa a alwala sau da yawa a rana. Ana dangwala masa humra. Ruwan gwal ɗin da bai kai kaurin bayan albasa ba, kwana nawa zai yi?

Na ɗauko maganaɗisun da ke jikin ƙofar firij na kai kusa da ƙugiyoyin, sai ga su sun taso sun manne. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, jan ƙarfe ba ya bi, tagulla ba ta bi. Wannan gwaji yana da amfani amma rabinsa ne kawai: in abu ya manne ka san ba azurfa ba ce, in bai manne ba ba shi ke nuna lafiya ba. Akwai wani haɗi da ake kira azurfar Jamus, jan ƙarfe ne da nikel da zinki, ko ɗigon azurfa babu a ciki, kuma ba ya bin maganaɗisu. A kasuwarmu ma akwai tarko a cikin suna. In ka ce a ba ka “silba”, duk wani abu fari mai ƙyalli za a miƙo maka, tunda har kwanon cin abinci silba muke ce masa.

Koren da ya tsorata waccan yarinya shi ne mafi sauƙi. Wayar da ta ɗaure wasu duwatsun da ita jan ƙarfe ce da aka yi wa fenti, fentin ya goge, jan ƙarfe ya haɗu da gumi ya bar kore. Sabulu da ruwa ya fitar da shi.

Wurin tsohon maƙeri

Zubewar duwatsu da jan zaren mayafi kuwa laifin hannu ne, kuma ba mu gane shi sosai ba sai da muka je Kurmi. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, har yau kuma akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla a lungunanta. Mahaifiyarmu ce ta tura mu wurin wani dattijo da ke gyara mata zobe. Ƙanwata ta durƙusa ta gaishe shi ta miƙa masa ƙullin. Ya ɗauki ƙugiya ɗaya ya goga a dutse sau biyu, ruwan gwal ɗin ya tafi, wani fari-fari mai duhu ya fito. Ya yi murmushi ya ce, “'Yata, araha ba ta ado.” Sannan ya ɗauki ɗan zoben da ta lanƙwasa ya sa farce ya ja, ya buɗe kamar bakin tsuntsu.

“Da me kika yanke wannan?”

“Da abin yanke farce, Baba.”

Ya ja bakin wayar a bayan hannunsa ya nuna mata farin layin da ya bari. Ya ce abin da ya karce fatar tsoho me zai yi wa mayafi.

Bayanin da ya yi da nasa harshen, daga baya muka same shi da lambobi. Wayar da take amfani da ita kaurinta rabin milimita ne, ga ta da laushi. Ta isa a naɗe dutse da ita, ba ta isa ta riƙe nauyi da zobe buɗaɗɗe ba. Kuma duk lokacin da za ta maƙala zoben a ƙugiya, sai ta ja bakinsa biyu su rabu, ta sake matsewa. Zoben da aka buɗe haka ba ya komawa daidai. Gefe ake murɗa shi, baki ɗaya ya yo wajenka ɗaya ya yi gaba, kamar buɗe ƙyaure, a zura abin da za a zura a mayar.

Lambar waya kuma tana da ruɗani, domin in lamba ta hau kauri sauka yake yi. A ma'aunin Amurka lamba 20 milimita 0.8 ce, 22 kimanin 0.64, 24 rabin milimita, 26 kuma 0.4. Ma'aunin Ingila daban yake, lamba 20 a can ta haura 0.9, wadda za ta yi wa wasu hudar kunne yawa. Tun daga ranar ta daina tambayar lamba, da milimita take saye: 0.8 ta ƙugiya, 0.6 ta jikin ɗan kunne, 0.4 ta naɗi da ado.

A wurin dattijon ta fara sayen wayar azurfa. Yana da wani faifan ƙarfe mai ramuka jere daga babba zuwa ƙarami, yana jan azurfar ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya har ta kai sirantar da ake so. Azurfar kayan ado da ake buga wa lamba 925 kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe, don zallarta ta cika laushi. Ta maƙeri ba ta zuwa da hatimi, amana ce tsakaninka da shi, shi ya sa ba ta canza wuri.

Santimita shida

Yanzu da hannunta take yin ƙugiya, kuma na sha zama ina kallo. Takan yanko waya biyu tare, kowace kimanin santimita 6, don su zo daidai. Da filaya mai zagayayyen baki take kama ƙarshen ta murɗa ɗan ƙaramin zobe inda ɗan kunnen zai rataya. Sai ta haɗa biyun ta ɗora a jikin biro ta lanƙwaso su tare su yi baka, ta ɗan karkato wutsiyar waje kaɗan don ta shige huda ba gardama. Daga nan ta ɗora bakan a kan wani guntun ƙarfe mai santsi ta bubbuga shi da ƙaramar guduma sau biyar ko shida. Wannan bugun shi ne abin da Baba ya koya mata: ƙarfe in ya sha bugu ko lanƙwasa tauri yake ƙarawa, ƙugiyar da aka buga ba ta miƙewa in an ja ta. Amma saman bakan kaɗai ake bugu, ba a taɓa wutsiyar da ke shiga kunne, don in ta baje ta yi kaifi. In aka yi ta lanƙwasa wuri ɗaya kuma, taurin ya wuce kima, sai ta karye, saboda haka kuskure sau biyu a wuri guda jefarwa ake yi a gwangwanin guntaye a mayar wa maƙeri ya narka.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne bakin wutsiyar. Tana goge shi da ƙaramin magagari ta zagaye shi, ta bi da samfefa mai laushi, sannan ta ja shi a jikin wani tsohon mayafi da ta ajiye don wannan aiki. In ya kama zare ko ɗaya, ta koma. Mayafin nan duk ya zama tsumma, amma shi ne alƙalin gidan.

Zobe buɗaɗɗe kuma ta bar shi. Bayan ta zura duwatsu sai ta bar wajen santimita 3 na waya, ta karya ta kwana, ta zagaya da ita bakin filaya ta yi zobe, ragowar ta naɗe ta a wuyan sau biyu ko uku a jere har ta taɓa dutsen farko, ta yanke da almakashin waya mai baki ɗaya shafaffe, ta danne ɗan bakin ya kwanta. Wannan sai dai waya ta tsinke, ba ya buɗewa. Kafin hannunta ya faɗa ta ɓata waya ba kaɗan ba, amma ba azurfa ba. Wani mai naɗin koyil ɗin fanka a bakin layinmu ya tara mata guntayen jan ƙarfe, a kansu ta yi ta koyo sati biyu, yatsunta duk kanta.

Inda muka saɓa

Ni ra'ayina a canza wa mutum 14 ɗin ƙugiya kyauta, shi ke nan. Ita ta ce sai ta mayar wa biyun da kunnensu ya kumbura kuɗinsu, ta biya kuɗin maganin da aka rubuta musu, ta kuma sayi mayafi. Na ce jarin zai karye. Ta ce, “Yaya, unguwa ɗaya muke da su, gobe a gidan suna za mu haɗu.” Ribar odar gaba ɗaya ta tafi, har da ɗan ƙari daga aljihuna. A lokacin na ji haushi. Yanzu ina ganin ta fi ni gaskiya, ko da yake har yau ina cewa kuɗin mayafin ya yi yawa, don tela zai iya gyara shi.

Saɓani na biyu a kan farashi ne. Ƙugiyar azurfa ta hannu ta ninka kuɗin kaya, aikin minti goma ya koma fiye da rabin awa. Da ta ƙara kuɗi, kusan rabin masu sayenta suka janye, kuma ban ga laifinsu ba, a kasuwa za su sami mai ƙyalli fiye da nata da kuɗin da bai kai rabi ba. Na ba ta shawara ta yi kashi biyu, mai tsada da mai araha. Ta yarda da sharaɗin ba za ta koma ga fakiti marar suna ba. Mai arahar yanzu ƙugiyar sitenles ce mai lamba 316L. Ita ma akwai nikel a cikinta, amma a ɗaure yake, kaɗan ne ke fita, yawancin mutane suna jure ta. Duk wadda ta zo saye sai ta tambaye ta ko ɗan kunne ya taɓa yi mata ƙaiƙayi. In ta ce e, azurfa ko a haƙura. In ta ce ko azurfa ba ta jurewa, sai ta ce mata ta nemi na ƙarfen taitaniyam ko ta tsaya a gwal ɗinta, ba ta sayar mata. Dabarar shafa jan farce marar launi a ƙugiya da wasu ke yi, ta gwada, kwana kaɗan yake ɓarewa, ta bari.

Azurfa ma tana da nata halin, tana yin baƙi in ta sha iska. Mutum biyu sun dawo da nasu suna cewa an cuce su. Ta goge a gabansu da ƙyalle ya dawo fari. Yanzu a 'yar leda mai zif take bayarwa, tana gaya wa kowa a fesa turare ya bushe kafin a sa, a cire kafin a kwanta.

Wani abu da ban yi tsammani ba shi ne yadda iya naɗin waya ya buɗe mata hanyar duwatsun Bida, waɗanda Nufawan Masaga ke yi da narkakken gilashin kwalba. Da ba ta iya aiki da su, domin raminsu faɗi ne da shi, ba kai ɗaya suke ba, fil ɗin kanti zurarewa yake yi ta ciki. Yanzu takan naɗe ƙarshen waya ta yi masa ɗan dunƙule ya tare dutsen, ta sa ƙaramin dutse sama da ƙasa ya hana shi rawa. Nauyi gare su, don haka ɗaya tak take sa wa kowane kunne, ta daɗe tana juya su a tafin hannu tana neman biyun da suka yi kusa da juna. Su ne suka fi tafiya a wurinta yanzu, kuma masu sayensu ba sa neman ragi sosai.

Odar anko ba ta daina karɓa ba, amma ba ta wuce ta mutum goma, kuma sai an ba ta sati uku. Daga cikin 14 ɗin nan, tara sun sake sayen wani abu a wurinta. Ɗaya daga cikin biyun da kunnensu ya kumbura ta dawo da ƙaramar salla ta sayi na azurfa. Ɗayar hudarta ta toshe a lokacin jinya sai da aka sake huda mata. Suna gaisawa in sun haɗu, har takan tsaya ta ɗaga na kunnen wasu ta ce ya yi kyau, amma ita 'yar barimar gwal ce a kunnenta.